Littattafan Masu Kafa Kamfanonin Fasaha: Kowanne da Shekararsa, Kowanne da Tabonsa

Duk matashin da ya furta cewa zai kafa kamfanin fasaha, ko a San Francisco yake, ko a Bangalore, ko a unguwar Yaba ta Legas, ba a daɗewa sai wani ya miƙo masa jerin littattafan da aka ce wajibi ne ya karanta. Jerin ba ya canzawa sosai. Za ka ga The Lean Startup na Eric Ries, da Zero to One na Peter Thiel, da The Innovator's Dilemma na Clayton Christensen, da Crossing the Chasm na Geoffrey Moore, da The Hard Thing About Hard Things na Ben Horowitz, sai a ɗora High Output Management na Andy Grove don kada a ce an manta da manya. Ana jero su tamkar darussan makaranta ɗaya, ka sauke wannan ka ɗauki wancan. Wanda ya zauna ya karanta su da natsuwa kuwa zai tarar bakin marubutan bai zo ɗaya ba. Abin da wani ya ɗauka hikima, wani tsoro yake kiransa, kuma a wasu wuraren da gangan suke mayar wa juna martani.

Tushen wannan saɓani shi ne abin da nazarin nan ya sa a gaba. Kusan kowanne daga cikin littattafan an rubuta shi ne bayan wani abu ya ƙona marubucin, a wata shekara takamaimiya, lokacin da kuɗin masu zuba jari ke da arha ko ke da tsada. Shawarar da ke ciki maganin wannan ciwon ce. Don haka kafin a tambayi abin da littafi ya ce, ya kamata a san yaushe aka rubuta shi, me ya sami mai shi, da kuma abubuwan da ya ɗauka kowa na da su har bai ga amfanin ambatonsu ba.

Abin da rushewar 2000 ta haifa

Ranar 10 ga Maris, 2000, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq, inda kamfanonin intanet suka yi dandazo, ya kai ƙololuwarsa da maki 5,048. Kafin ƙarshen Oktoba 2002 ya zube da kusan kashi 78 cikin 100. Cikin waɗanda guguwar ta yi gaba da su akwai Webvan, kamfanin da ya yi wa Amurkawa alkawarin kai musu cefane har ƙofar gida. Ya tara wajen dala miliyan 800, ya ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1 da kamfanin gine-gine na Bechtel don a gina masa manyan rumbunan ajiya a birane daban-daban, alhali ko a birni ɗaya bai tabbatar masu saye za su yi yawan da zai biya kuɗin rumbun ba. A watan Yuli 2001 ya durƙushe.

Labarin Webvan ne ginshiƙin hujjar Steve Blank a littafinsa The Four Steps to the Epiphany na 2005. Blank ya yi shekara 21 yana shiga yana fita a sababbin kamfanoni takwas kafin ya koma koyarwa. A ganinsa ma'aikatan Webvan ba ragwaye ba ne, sun gina abin da suka ce za su gina. Matsalar ita ce an ɗora ginin a kan zato. Tsohon kamfani ya san masu sayen kayansa, aikinsa shi ne ya aiwatar. Sabon kamfani kuwa lalube yake yi, bai ma san ko akwai mai buƙatar abin da yake ƙerawa ba, don haka dole mai kamfanin da kansa ya bar ofis ya je ya zauna da mutanen da yake sa ran za su biya shi. Littafin yana da nauyin karantawa, tsarinsa kamar takardun lacca ne da aka ɗinke, shi ya sa da yawa suke ambatonsa ba su kai ƙarshensa ba.

Wanda ya sauƙaƙa shi ga jama'a shi ne ɗalibinsa Eric Ries. Blank ya zuba kuɗi a IMVU, kamfanin da Ries da abokansa suka kafa a 2004, bisa sharaɗin su riƙa halartar ajinsa a Berkeley. Ries ya ba da labarin yadda suka yi wata shida suna rubuta manhajar da za ta manne wa shafukan hira da mutane suka saba da su, aka sake ta, babu wanda ya kula. Sai da suka riƙa kawo matasa ofis suna zaunar da su gaban kwamfuta suka gane cewa babu mai son gayyatar abokansa cikin abin da bai tabbatar da ingancinsa ba, kuma sababbin abokai suke nema a can. Aikin wata shida ya tafi a banza. Daga nan, da kuma tsarin rage ɓarna na kamfanin Toyota, ya fitar da The Lean Startup a 2011: a yi samfuri mafi ƙanƙanta da zai iya amsa tambaya ɗaya, a sa shi hannun mutane, a auna abin da suka yi da shi, sannan a yanke shawarar ci gaba ko sauya akala. Misalinsa mafi daɗi shi ne na Zappos, inda Nick Swinmurn ya riƙa shiga shagunan takalma yana ɗaukar hoto yana ɗorawa a intanet, idan an yi oda ya koma ya saya da kuɗinsa ya aika. Bai gina rumbu ba sai da ya ga mutane za su sayi takalmin da ba su gwada ba.

Wannan hanya tana cikin 'yan kaɗan da aka gwada da ma'aunin kimiyya. Arnaldo Camuffo na Jami'ar Bocconi da abokan aikinsa sun raba sababbin kamfanoni 116 a Italiya gida biyu, aka horar da duka, amma gida ɗaya aka koya masa ya rubuta zatonsa ya gwada shi kamar mai bincike. Sakamakon da mujallar Management Science ta buga a 2020 ya nuna waɗannan sun fi saurin barin ra'ayin da ba ya aiki, kuma sun fi samun ciniki. Adadin kamfanonin bai taka kara ya karya ba, amma yawancin littattafan jerin nan ko wannan ba su da shi.

Akwai ɗan ƙaramin littafi da nake ganin ya fi manyan amfani a matakin farko, The Mom Test na Rob Fitzpatrick, na 2013. Batunsa ɗaya ne: mutane suna yi maka ƙarya don kada su ɓata maka rai. A ƙasar da kara da kunya suke da ƙarfi irin tamu, abin ya ninka. Je ka Kantin Kwari ka nuna wa ɗan kasuwa manhajar rubuta bashi, ka tambaye shi ko za ta yi amfani. Zai ce, "Kai, abu ya yi kyau, Allah ya sa albarka." Ka tashi da murna, ba ka samu komai ba. Da ka tambaye shi wa ya karɓi kaya bashi makon jiya, a ina aka rubuta, nawa ya maƙale tun kafin azumi, da ya jawo wani littafi mai bangon leda daga ƙarƙashin atamfofi, ka ga shafukan da aka soke da jan biro da waɗanda yaron shago ya rubuta babu kwanan wata. A nan bayanin yake.

Iyakar hanyar Ries ita ce tana buƙatar gwaji mai arha. Ta yi tashe ne bayan 2006, lokacin da Amazon ta fara ba da hayar manyan kwamfutoci ta intanet, abin da ya sa yara biyu a ɗaki ɗaya za su iya sakin manhaja ba tare da sun sayi injuna ba. Mai haɗa magani, ko mai ƙera na'ura, ko mai riƙe wa jama'a kuɗi a asusu ba shi da damar sakin abin da bai nuna ba ya ce gwaji yake yi.

Martanin Thiel

Peter Thiel ya ga rushewar da Blank ya gani, amma darasin da ya ɗauka kishiyar nasa ne. Zero to One, wanda ya fito a 2014, asalinsa laccocin da ya gabatar a Jami'ar Stanford a 2012, ɗalibinsa Blake Masters ya rubuta su. Thiel yana ganin tsoron da 2000 ta bari a zukata ya sa masu kafa kamfani sun koma yin taku ɗaiɗai, suna gyara abin da wani ya riga ya yi, suna tambayar kwastoma kowane motsi. Shi abin da yake so shi ne tsari mai nisan zango, da fasahar da ta ninka ta kowa har sau goma, da babakere a kasuwa. Gasa, a wurinsa, cinye riba take yi. Ya kwatanta kamfanonin jiragen saman Amurka, waɗanda a 2012 suka yi cinikin kusan dala biliyan 160 amma ribarsu a kan kowane fasinja ba ta wuce santi 37 ba, da Google da ya yi cinikin dala biliyan 50 ya riƙe kashi 21 cikin 100 a matsayin riba.

Hujja ce mai ƙarfi, kuma littafin ya fi sauran daɗin karantawa. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, tarihin Thiel kansa ya fi goyon bayan Ries. PayPal ya fara ne a matsayin hanyar tura kuɗi tsakanin na'urorin hannu na PalmPilot, abin da kusan babu mai buƙatarsa. Masu sayar da kaya a eBay ne suka rungumi sashen tura kuɗi ta imel, kamfanin ya bi su, har eBay ta saye shi a 2002 kan dala biliyan 1.5. Max Levchin, abokin kafawarsa, ya ba da wannan labari filla-filla a Founders at Work, tarin hirarrakin da Jessica Livingston ta fitar a 2007. Wanda ya karanta littattafan biyu a jere zai ga yadda lalube ke komawa hangen nesa bayan an yi nasara.

Na biyu, da bakin mai zuba jari Thiel yake magana. Shi ne ya ba Facebook dala 500,000 a 2004, kuma ya bayyana da kansa cewa a harkar jarin kasada kamfani ɗaya kan dawo da abin da ya fi na sauran duka a haɗe. Mai kamfanoni talatin a jaka riba ce gare shi kowannensu ya yi caca da ransa, domin ɗaya ya ishe shi. Mai kamfani ɗaya tilo, wanda ya sayar da filin gado ya zuba, lissafinsa daban ne. Wannan lissafi na mai jari ya kai maƙura a Blitzscaling na Reid Hoffman da Chris Yeh, na 2018, wanda ya halasta ƙona kuɗi don a riga kowa mamaye kasuwa. An rubuta shi ne bayan shekaru bakwai, daga ƙarshen 2008 zuwa 2015, da babban bankin Amurka ya riƙe kuɗin ruwa kusa da sifili. WeWork, kamfanin ba da hayar ofisoshi da aka yi wa ƙimar dala biliyan 47 a farkon 2019, ya shigar da takardar karayar arziki a Nuwamba 2023, bayan bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris 2022. Kiɗa ya canza, littafin kuwa yana nan a jerin kamar ba abin da ya faru.

Malaman jami'a da ƙarfin hujjarsu

The Innovator's Dilemma na 1997 ya bambanta da waɗannan domin bincike ne, ba tarihin rayuwa ba. Christensen, malami a sashen kasuwanci na Harvard, ya bi diddigin masana'antar faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, yadda ya riƙa ƙanƙancewa daga inci 14 zuwa 8, zuwa 5.25, zuwa 3.5, kuma a mafi yawan sauyin manyan kamfanoni suka riƙa faɗuwa hannun ƙanana. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne bayaninsa: manyan sun faɗi ne saboda suna sauraron manyan kwastomominsu, waɗanda ba su da buƙatar ƙaramin faifai mai ƙarancin ɗaukar bayanai. Misalin ƙarfe ya fi fitowa fili. Ƙananan masana'antu masu narka tarkacen ƙarfe da tanderun lantarki, irin su Nucor, sun fara ne da rodin gini, kayan da ya fi kowanne ƙarancin riba. Manyan kamfanoni suka bar musu shi da murna. Daga rodi suka hau zuwa ƙarfen ginshiƙi, daga nan zuwa farantin ƙarfe, kowane mataki manyan suna ja da baya zuwa inda riba ta fi kauri, har wuri ya ƙure. Bethlehem Steel ya karye a 2001.

An ɗauki wannan ra'ayi an mai da shi abin da ba shi ba, har ya zama duk wanda ya buɗe shafin sayar da kaya sai ya ce ya zo tumɓuke kasuwa. An kuma soke shi da hujja. Jill Lepore, masaniyar tarihi a Harvard, ta nuna a mujallar The New Yorker a 2014 cewa wasu kamfanonin da aka ce an kayar, kamar Seagate, sun ci gaba da jan ragamar kasuwarsu. A 2015 Andrew King da Baljir Baatartogtokh suka bi misalai 77 da Christensen ya kafa hujja da su, suka tarar 7 ne kawai suka cika dukkan sharuɗɗan ra'ayin. Christensen kansa a 2007 ya yi hasashen iPhone ba za ta yi nasara ba. Duk da haka ban ga dalilin cire littafin daga jerin ba. Yana koya wa ƙaramin ɗan kasuwa inda zai duba, wato wurin kwastoman da manya suke gani bai kai a tsaya masa ba. Kawai kada a ɗauke shi mai faɗin gobe.

Crossing the Chasm na 1991 ya tsaya ne a kan aikin Everett Rogers na 1962, wanda shi ma ya samo tushe daga binciken yadda manoman Iowa suka karɓi ingantaccen irin masara. Rogers ya kasa jama'a biyar: kashi 2.5 masu son gwada kowane sabon abu, 13.5 masu saurin karɓa, 34 masu jira su ga ya yi wa wani amfani, wasu 34 masu bin sahu daga baya, da 16 da sai dole. Ƙarin Moore shi ne cewa tsakanin kashi na biyu da na uku akwai rami, domin mai taka-tsantsan ba ya karɓar shaidar mai zumuɗi, ta ɗan'uwansa mai taka-tsantsan yake nema. Maganin shi ne a zaɓi ƙaramin rukuni ɗaya a biya masa buƙatarsa gaba ɗaya har su riƙa gaya wa juna. A nan ne kawai Moore da Blank da Thiel suka haɗu, kuma idan mutum uku da ba sa jituwa suka yarda da abu ɗaya, ya cancanci a riƙe shi.

Matattu ba sa rubuta littafi

Babbar illar jerin gaba ɗaya ita ce waɗanda suka tsira ne suke ba da labari. Jim Collins ya tace kamfanoni 1,435 ya fitar da 11 a Good to Great na 2001, ya jero halayen da ya ce su suka ɗaukaka su. A 2008 Circuit City ya karye, gwamnati kuma ta karɓe Fannie Mae don kada ya nutse, dukansu suna cikin goma sha ɗayan. Phil Rosenzweig ya warware yadda irin wannan kuskure ke faruwa a The Halo Effect na 2007. Lokacin da hannun jarin Cisco ke sama, 'yan jarida sun yaba wa saurinsa da ƙarfin halinsa wajen sayen kamfanoni. Da ya faɗi, halayen nan dai aka kira gaggawa da rashin tsari. Sakamako ake fara gani, sannan a nemo masa dalili.

Shi ya sa ya kamata kowane littafin nasara a haɗa shi da na faɗuwa. Bad Blood na John Carreyrou, na 2018, ya nuna yadda Elizabeth Holmes ta kai Theranos ƙimar dala biliyan 9 da na'urar gwajin jini da ba ta aiki, ta hanyar amfani da duk kalmomin da littattafan nan suka koyar. Daga baya, a Janairu 2022, kotu ta same ta da laifin zamba. The Founder's Dilemmas na Noam Wasserman, na 2012, wanda ya dogara da bayanan masu kafa kamfani kusan 10,000, ya taɓo abin da aka fi jin nauyin faɗa: raba hannun jari daidai wa daida da aboki ko ɗan'uwa a ranar farko, don gudun ɓacin rai, yakan zama sanadin rabuwa daga baya. Akwai ma tatsuniyar yaron da ya bar jami'a ya zama attajiri. Binciken Pierre Azoulay da abokansa a kan masu kafa kamfani miliyan 2.7 a Amurka ya gano cewa matsakaicin shekarun waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa 45 ne.

Bayan an ɗauki ma'aikata

Littattafan da suka fi jure wa zamani su ne waɗanda ba su yi alkawarin komai ba. Andy Grove, wanda ya tsere daga Hungary a 1956 ya zo ya shugabanci Intel, ya buɗe High Output Management na 1983 da misalin haɗa karin kumallo: dafaffen ƙwai, gasasshen burodi da kofi, a kai su tare da zafinsu. Ƙwan ne ya fi cin lokaci, don haka a kansa ake tsara sauran. Duk mai shayin da ke da layin mutane da asuba ya san wannan ba tare da ya ji sunan Grove ba. Daga wannan misali Grove ya gina bayanin taro, da ganawar shugaba da ma'aikaci su biyu, da auna aiki. Tsarin sa manufa da ma'auninta da John Doerr ya kai wa Google a 1999 daga wurinsa ya koya. Fred Brooks kuma, a The Mythical Man-Month na 1975, ya nuna daga aikinsa a IBM cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi. Lissafin a fili yake: mutum 10 suna da hanyoyin magana 45 a tsakaninsu, mutum 50 suna da 1,225.

Horowitz shi ne na ranar baƙin ciki. Loudcloud da suka kafa da Marc Andreessen a 1999 ya shiga kasuwar hannun jari a Maris 2001 don babu wata hanyar samun kuɗi, ya sayar da babban sashensa a 2002, hannun jarinsa ya faɗo har santi 35, kafin HP ta saye shi da sunan Opsware a 2007 kan dala biliyan 1.6. Babinsa a kan sallamar ma'aikata, da sauke aboki daga muƙami, ba shi da na biyu a jerin.

Wanda aka fi tsallakewa, kuma rashin karanta shi ya fi tsada, shi ne Venture Deals na Brad Feld da Jason Mendelson, na 2011, mai bayanin takardar sharuɗɗan zuba jari. A ɗauki misali. Mai jari ya ba ka dala miliyan 2 ya karɓi kashi 20, da sharaɗin shi za a fara biya idan an sayar da kamfani. Bayan shekara uku aka sayar kan miliyan 3. Kai kana lissafin kashi 80 naka, wato miliyan 2.4. Shi kuwa zai ɗebe miliyan 2 ɗinsa tukuna, ku raba miliyan 1 kai da abokanka. Idan sharaɗin ya ce ninki biyu, ko sisi ba za ka gani ba. Layi ɗaya ne a takardar, kuma da yawa sai a ranar rabo suke fahimtarsa.

Abin da ba su faɗa ba

Yawancin littattafan nan 'ya'yan wuri ɗaya ne, wato Silicon Valley. AnnaLee Saxenian a Regional Advantage na 1994, da Margaret O'Mara a The Code na 2019, sun nuna abin da ke ƙarƙashin Silicon Valley: kwangilolin sojan Amurka na zamanin yaƙin cacar baka, da Jami'ar Stanford, da dokar Kalifoniya da ta hana a ɗaure ma'aikaci kada ya koma wurin abokin gasa, da sauyin ƙa'ida na 1979 da ya ba asusun fansho damar shiga jarin kasada. Ries bai yi maganar wutar lantarki ba, ko adireshin gida, ko kotun da za ta tilasta biyan bashi, ko kuɗin ƙasa da ba ya narkewa, domin a wurinsa waɗannan kamar iska suke.

A Najeriya kowannensu babi ne mai zaman kansa. Jumia sai da ta gina nata tsarin kai kaya, ta kuma yarda a biya bayan kaya sun iso, saboda mutane ba su amince su biya abin da ba su riƙe ba. Gokada da MAX sun tara jari sun sayi babura, sai gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a Fabrairu 2020. Wanda ya karɓi jari da dala yana ciniki da naira ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ma'ana ko cinikinsa ya ninka biyu, a idon mai jarinsa baya ya ci. Wannan ba ya nufin hanyar ba ta ɓullewa a nan. Paystack na Shola Akinlade da Ezra Olubi ya bi ta shirin renon sababbin kamfanoni na Y Combinator a 2016, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Amma shi ma aikinsa gina abin da littattafan suka ɗauka akwai shi ne, wato hanyar karɓar kuɗi ta intanet.

Littattafai biyu sun yi ƙoƙarin cike giɓin. The Prosperity Paradox na 2019, wanda Christensen ya rubuta da Efosa Ojomo, ɗan Najeriya, da Karen Dillon, ya kawo Mo Ibrahim da ya kafa Celtel a 1998 lokacin da ake ganin talakan Afirka ba zai riƙe wayar salula ba, ya sayar a 2005 kan dala biliyan 3.4. Ya kawo Tolaram da ya fara shigo da Indomie a 1988, ya ƙare da mallakar motocin dakonsa, da wutarsa, har da hannu a tashar jiragen ruwa ta Lekki. Out-Innovate na Alexandre Lazarow, na 2020, ya ce a irin waɗannan kasuwanni raƙumi ya kamata a yi koyi da shi, mai jure ƙishirwa, wato kamfanin da ke karɓar kuɗin aikinsa tun ranar farko. Dukansu suna da amfani, kuma dukansu suna da cutar da aka ambata a sama ta zaɓo waɗanda suka yi nasara.

Da ni zan ƙara littafi ɗaya a jerin don mai karatu Bahaushe, ba na fasaha zan ƙara ba. Custom and Politics in Urban Africa na Abner Cohen, na 1969, bincike ne a kan Hausawan Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, da yadda suke tafiyar da fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Mai shanu ya taho daga nesa, bai san mahautan garin ba, kuma bashi ake sayarwa, babu takarda, babu zuwa kotu. Maigida ne ke sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, dillalansa kuma sun san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke da taurin bashi. Idan mahauci ya gaza, maigidan ke ɗaukar nauyi, domin sunansa ne jarinsa, kuma labarin wanda ya ci amana yana isa Arewa kafin ayari na gaba ya taso. Kamfanin da ke son haɗa manomin Saminaka da mai saye a Legas ta wayar salula kujerar maigidan nan yake nema, ko ya sani ko bai sani ba. Idan wakilinsa ya shiga Dawanau da manhajarsa, kafin a duba kyanta za a tambaye shi wa zai biya ranar da mai saye ya karɓi buhu ɗari ya kashe waya.